Numfashin Dogo

Tafi ya ɓarke tun kafin Dogo ya sauke saksofon, abin busarsa, daga bakinsa. Ya ɗan rusuna, ya share goshi da hankici, ya haɗiye tarin da ya taso masa.

Su biyar ne a kan dandamali: shi, da mai ganga, da mai fiyano, da mai jita, da wani tsoho mai busa ƙaho. Duk yammacin Asabar suke kiɗan jaz a zauren otal ɗin nan, kuma kowa ya san saboda Dogo kujeru suke cika, yaron da ko talatin bai kai ba.

Bara ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti, har aka fara cewa tasa ta ƙare. Mai otal ya ce in babu Dogo, sauran su tattara kayansu. Sai ga shi ya dawo, a rame, amma busar ta fi ta da daɗi. Abokan kiɗansa ba sa son a tayar da zancen.

Yau akwai baƙuwa a teburin gaba, wata mata mai farin tabarau wadda ke kai makaɗa wasa ƙasashen waje. Tun da aka fara ba ta taɓa lemonta ba.

Suka shiga kiɗan ƙarshe. Dogo ya runtse ido, kumatunsa suka cika, yatsunsa na gudu. Mai ganga ya karkatar da kunne baya, yana jiran inda zai shigo da gangarsa. Sautin ya hau, ya ƙara hawa, ya tsaya can sama ya ƙi saukowa, har mutane suka miƙe tsaye.

Ana tashi matar ta tako bakin dandamali.

"Ban taɓa jin mai numfashi irin naka ba," ta ce da Dogo. "Ina so in fita da ku. A fili za ku yi wasa, jama'a kewaye da ku ta ko'ina. Ku biyar."

"Mu shida ne," in ji shi. "Akwai ƙanwata, Auta. Ba na zuwa ko'ina sai da ita."

"Kujeru biyar aka ba ni a jirgi."

Mai fiyano ya sunkuyar da kai. Yaransa ƙanana ne, kuma ya daɗe yana mafarkin rana irin wannan. Tsoho mai ƙaho ya yi dariyar yaƙe. "Ranki ya daɗe, ni dai ko tsani na hau sai jiri ya ɗebe ni, balle jirgi."

Ba wanda ya taya shi dariyar.

"Ki yi haƙuri," Dogo ya ce, muryarsa a dushe. "Ba za mu iya ba."

Ta daɗe tana kallonsa. "Irin wannan baiwa, a bar ta ta tsufa a zauren otal," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Zaure ya watse. Mai ganga ya haɗa sandunansa ya fita ko sallama babu. Dogo ya zauna a gefen dandamali, ya saki tarin da yake ta dannewa, ya yi ta yi har idanunsa suka kawo ruwa.

Sai labulen bayan dandamali ya motsa. Auta ta fito sharkaf da gumi, leɓɓanta a kumbure, nata saksofon rataye a wuya, ta ce, "Yaya, me matar ta ce game da busata?"