Kwalba Ta Biyar

Farfesa ya shigo ɗakin gwaji da ƙarfe takwas, cikin farar riga wadda karin guga bai bar hannunta ba tukuna. Wata huɗu rabonsa da ɗakin. Sai da ya tura ƙofar ma'ajiya, a zatonsa ta ofis ce.

Yau kwamitin likitoci zai zo duba zaren ɗinkin rauni da ake cewa shi ya ƙirƙiro. In sun gamsu, za a fara gwada shi a jikin marasa lafiya. In ba su gamsu ba, sai bayan shekara biyu su sake waiwayowa. Farfesa ya haddace sunan zaren mai tsawon tsiya, ya haddace cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanda aka ɗinke da shi ba sai ya koma asibiti ba. Iyakar saninsa ke nan, amma in yana bayani sai ka rantse a cinyarsa aka murza zaren.

Wadda ta murza shi tana tsaye a gefe. Shekararta goma sha tara a ɗakin, uku daga ciki ta ƙarar da su a kan wannan zare, har sinadarin ya cinye mata fatar yatsu. Farfesa bai taɓa riƙe sunanta ba, Mai Kwalabe yake ce mata, kuma da ya ga sunan a takardar binciken da kansa ya soke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yau dai fuskarta cike take da fara'a. Tun da ta buɗe akwatin nan mai ɗumin jikin mutum, inda kwalabe biyar suka yi sati shida, take ta murmushi ita kaɗai. Har mijinta ta kira a waya, abin da ba ta taɓa yi a wurin aiki ba.

Farfesa ya bi kwalaben da kallo yana yatsina. A ta ɗaya zare ne fes, fari, a miƙe cikin ruwa. A uku na tsakiya ya zagwanye kamar tsohuwar igiyar shanya. Ta biyar kuwa ruwa ne zalla, ɗan gurɓatacce.

Ya ɗaga ta, ya girgiza, ya tambayi inda zaren ya shiga.

"Ranka ya daɗe, ita ce nake so in nuna maka. Yana nan a littafina, shafi na..."

"Ke, ni zan karanta wannan tonon kazar? Kin manta ba ki sa komai a ciki ba, shi ne za ki kunyata ni a gaban manya."

Ya kwance murfin, ya tuttular da ruwan a wurin wanke hannu, ya buɗe famfo a kai. Mai Kwalabe ta dafa tebur. Murmushin ya tafi. Ya sa ta zubar da ukun nan ma, wai ƙazanta ce, sannan ya gargaɗe ta kada ya ga ƙeyarta a zauren taro.

Da ƙarfe goma ya tsaya gaban kwamitin, kwalba ta ɗaya a hannunsa kamar kofin gasa. Ya yi rabin awa yana zuba bayani. Ya ce sati shida zaren ya yi a ruwa mai ɗumin jini, ko gezau bai yi ba. Ya ce ba dare ba rana shi kaɗai ya sha wahalar, sauran ma'aikata wankin kwalba kawai suka iya.

Shugabar kwamitin, wata tsohuwar likitar tiyata, ta karɓi kwalbar. Ta juya ta, ta gyara tabarau, ta karanta ɗan rubutun da ke gindinta.

"Farfesa, wannan ai zaren roba ne da ake ajiyewa don kwatance, shekara ɗari zai yi a haka. Naku an ce narkewa yake yi a jiki cikin sati shida. Ina kwalbar da babu komai a cikinta? Ita muka zo aunawa."