Huda Uku a Gidan Sauro

Da rana ake neman hudar gidan sauro. Mai aikin da ke zuwa duk sati don raba gidan da ƙwari ta sauke shi, ta cusa gefunansa ƙarƙashin katifa, ta shige ciki ta zauna tana fuskantar taga. Duk inda haske ya fi ɗigowa, nan ɓarnar take. Ta ga uku, biyu wajen kai, ɗaya wajen ƙafa. Ta yi bisimilla ta zura zare, ta ɗinke biyu, ta bar ta ukun.

Yau ne zuwanta na ƙarshe. Uwar gida ta faɗa mata tun da safe a bakin kicin, idonta a kan waya: daga sati mai zuwa masu feshi za su riƙa zuwa da injinsu, ba sai ta ƙara wahala ba. Ta ce to. Ba ta ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata. 'Yar gidan tana da ciwon sikila, zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya yi wa irinsu da wasa. Bara da ya kama ta, kwana tara ta yi a asibiti, har da ƙarin jini. Su kuma masu feshi, feshi kawai suka sani. Su fesa, su rufe ƙofa, su tafi. Ba mai durƙusawa ya leƙa bayan firiji, ba kuma wanda ya san warin maganin yana shaƙe wa yarinyar ƙirji.

Don haka ta bi gidan ɗaki ɗaki. Ta zare durowoyin kicin ta kifa su, ta kankare ƙwan kyankyaso da bakin wuƙa, jajaye, a jere kamar wake. Ta cike tsagar da ke bayan famfo da siminti. Ta sa murfi a bakin magudanar banɗaki, ta ɗora dutse. Ta zubar da ruwan da ya kwanta a gindin tukwanen fure. Tsohuwar tayar da ke bayan gida, wadda ta daɗe tana roƙon a jefar, ta cika cikinta da yashi.

Mai gadi ya leƙo daga rumfarsa.

"Gwaggo, na ji an ce kyankyasan gidan nan yau rawa za su kwana yi."

"Ka ce su fara daga ɗakinka, can ne garinsu."

Ya yi dariya. Ita ta ci gaba da tura yashi.

Bayan la'asar yarinyar ta dawo daga makaranta, ta jefar da jaka a bakin gado.

"Gwaggo mai allura, wai da gaske kin daina zuwa?"

"Haka Mamanki ta ce. Cire takalmi ki shigo ciki, 'yar Hajiya."

Suka zauna cikin gidan sauron su biyu, gwiwa da gwiwa.

"Dubi taga. Ina haske ya fi yawa?"

Yarinyar ta ƙanƙance ido, ta daɗe, sannan ta nuna wajen ƙafa.

"Ga shi! 'Yar mitsitsiya. Ta nan ma sauro zai iya shiga?"

"Sauro ba ya neman ƙofa. Karɓi allurar."

Ta nuna mata yadda ake tattara bakin hudar, a zagaya sau uku, a ƙulle. Ɗinkin yarinyar ya fito a cukurkuɗe kamar kashin akuya, amma ya toshe. Ta sa ta maimaita a jikin tsumma har sau biyar.

"Duk sati ki duba. Da rana, kin ji? Kada ki jira wani ya tuna miki. In za ki kwanta ki cusa ko'ina, kada hannunki ya jingina da ragar, ta waje suke cizo. Ki yi addu'arki, ki shafa."

"Ke kin fi Mama mita."

"Na ji."

Ta soke allurar a jikin kwali, ta naɗe zaren, ta sa a durowar gefen gado. Yarinyar ta riga ta koma kan littafin zanenta, ko ɗagowa ba ta yi ba da mai aikin ta ce mata sai wata rana.

Uwar gida ta rako ta har bakin get, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya tana murza zoben hannunta.

"Kin ce mata wani abu?"

"Ɗinki na koya mata, Hajiya."

"Ki yafe mini. Ba aikinki ne ya gaza ba, Allah ya sani. Girma take yi, ta fara kallo, ta fara tambaya. Ni kuma tsoro nake ji."

"Alkawari na ɗauka, ban saɓa ba. Allah ya raya ta. A riƙa duba yashin tayar nan in an yi ruwa."

Mai gadi ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ta gyara mayafinta ta fita hannu rabbana, kamar yadda ta fita daga asibiti shekara takwas da suka wuce, ranar da ta haifi yarinyar ta miƙa ta ga uwar gidan nan, mai halin jinyarta.