Ƙasar Taimama

Tun da ƙasar gari ta sha guba aka hana taɓa ta, ruwa kuma ya zama na sha kaɗai, maƙwabta suke layi a ɗakin Inna Sahura suna taimama da ƙasar tukunyar shukarta ta alobera. Kowane hannu sai ya ɗauke kaɗan.

Da saiwa ta fara leƙowa, ta je wurin Tanimu mai kayan shuka.

"Ɗan nan, ko cokali guda ne, auno min ƙasa mai tsarki."

"Wallahi Inna, tukwane da 'yan shebur kawai suka rage. Ki hana su taɓawa mana."

"In hana mutum salla?"

Ta dawo ta tarar da liman durƙushe gaban tukunyar, ya rasa inda zai ɗora tafinsa. Ta sunkuya, ta ɗage masa saiwar.