Fankar da Ke Hura Waje

Uroš ya riga ya kwance noti na uku kafin Tijana ta leƙo daga kicin.

"Kai! Me kake yi wa kwamfutar Baba?"

"Taimako nake yi. Ba ki ji yadda take gurnani ba?"

"Don Allah bar ta," ta ce, amma miya ta tafaso, ta koma da gudu.

Yau ne ya fara taka gidan su Tijana a garin Zrenjanin, kuma aurenta ya zo nema. Tun a bakin ƙofa abin ya lalace. Ya miƙa wa mahaifinta, tsoho Radivoje, hannu, tsohon ya dubi hannun ya gyaɗa kai kawai. Ƙullin garin kofin da Uroš ya kawo ma da damtse tsohon ya rungume shi, ya ce a zauna, ya fita ɗebo itace. Tijana ta raɗa masa cewa tun rasuwar mahaifiyarta haka ya koma. Duk da haka kunya ta hana Uroš sakat.

To shi kuwa haɗa kwamfuta ne aikinsa a Belgrade, kuma yana da ciwon nan na masu sana'a: ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ga dama ta samu, zai nuna wa tsohon nan cewa ba sakarai 'yarsa ta kawo ba.

Ƙaramin akwati ne, bai fi burodi girma ba, an matso da shi dab da madannan rubutu. A irin wannan matsi, fankar da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar ya kamata ta jawo iska mai sanyi ta ragar gefe. Wannan kuwa a kife aka ɗaura ta, tana zuƙo zafin ciki tana hurowa waje. Har da wani kwali da aka lanƙwasa aka manna, yana matse iskar zuwa ƙasa.

Uroš ya yi tsaki. Ya ɓalle kwalin ya jefa a murhun ɗumama ɗakin, ya juya fankar, ya ɗaure. Da ya kunna, gurnanin ya ɗauke.

Tsohon ya turo ƙofa da kafaɗa, ya zube itacen.

"Baba, na gyara maka ita," in ji Uroš. "Wallahi duk wanda ya haɗa maka wannan bai san hagunsa da damansa ba. Gara ya koma kasuwa sayar da kankana."

Ba wanda ya yi dariya. Tijana ta tsaya a bakin kicin da kwanon miya, ta kasa ajiyewa.

"Kwalin fa?" tsohon ya tambaya a hankali.

Uroš ya nuna murhu. Wuta ta gama da shi tuni. Bai san laifinsa ba tukuna, amma ya yi fatan ƙasa ta tsage ya shige.

Radivoje ya zauna a kujerarsa. Ya ɗago hannuwansa ya ɗora a gefen ragar, sai a lokacin Uroš ya ga yatsun da kyau: a kumbure, a lanƙwashe, ko cokali da ƙyar za su riƙe. Tsohon ya jira. Ya ƙara matso da su, ya sake jira.

"Sai in mayar da fankar yadda take," Uroš ya ce. "Yanzun nan. Kwali ai ba wuya, sai in yanka wani."

"Yanka wani," tsohon ya maimaita, bai dube shi ba.

Tijana ta ajiye kwanon.

"Mama ce ta kifa ta da gangan, Uroš. Tana kwance a gadon ciwonta ta yanka kwalin nan. Ta ce in ba ta nan, a samu abin da zai riƙa ɗumama masa hannu."