Mai Noti Uku

Ranar Talata da safe keken ya ƙi juyawa.

Doña Nelida ta murza mariƙin zuwa gaba, ta murza shi baya, har ta hura masa iska kamar mai hura gawayi. Ko motsi bai yi ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan kullum safiya sai ta sauko da wannan keken naɗe zaren fatsa daga kan kabad, ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayinta na mate, ta juya keken don ta ji ƙas-ƙas ɗinsa. Da wannan ƙarar mijinta Heber yake tashin ta daga barci a da. In ba ita ba, babu mai magana a gidan sai firji.

Mu mutanen La Paloma kowa ya san labarin. Heber ya fita fatsa kan duwatsu ranar da teku ke hauka, aka tsinci sandar fatsarsa da keken da takalmi ƙafa ɗaya. Gawa kam ba a gani ba. Maza biyu sun nemi auren Nelida daga baya, ta sallame su tun daga bakin ƙofa.

Keken gado ne Heber ya ci daga ubansa, kuma ya fi son shi da idonsa. Ana saura shekara uku ya ɓace, Nelida ta ajiye shi kusa da murhu bisa kuskure, wuta ta ci gefen mariƙin katakon. Kwana uku yana fushi da ita, bayan nan ma duk faɗan da suka yi sai ya tono zancen. Da 'yan sanda suka kawo mata keken, sai ta ga mariƙin sumul, babu ƙuna. Ta yi kuka sosai, don ta fahimci ya canza shi ne a ɓoye, wato ya yafe mata kafin ya mutu. Ƙarar ta ɗan siranta a kunnenta, ta ce aikin ruwan gishiri ne.

Ta naɗe shi a tawul, ta hau bas na awa huɗu zuwa Montevideo, babban birninmu. Masana'antar da ta ƙera irinsa ta rufe tuntuni, kuma an ce duk gaɓar kogin da ya raba mu da Argentina, har tsallakensa, mutum ɗaya ya rage mai gyara su, wani tsoho Don Aparicio. Duk hanya tsoro ɗaya take ji, kada ya ce ba ya gyaruwa.

Tsohon ya kwance bayan keken, ya leƙa, ya yi dariya.

“Doña, wa yake wasa da wannan? Haƙoran sun cinye, amma ko ƙwayar gishiri babu a ciki. Giris ɗin masana'anta ne ya bushe. Wannan bai taɓa jan ko ɗan ƙaramin kifi daga ruwa ba.”

Ta ce masa ya gyara bakinsa, keken nan ya ciyar da gida biyu, na surukinta da nata. Ya tambayi shekarar da surukin ya rasu. Ta faɗa. Ya girgiza kai, ya ce a lokacin ko zanen wannan ba a yi ba.

Don Aparicio irin mutanen nan ne da in an taɓo sana'arsu ba sa kallon fuskar mai sauraro. Ya shiga bayani da jin daɗi. Ƙira biyu ce, in ji shi, daga nesa kamar tagwaye. Ta farko noti uku ne a bayanta, haƙoranta tagulla, muryarta da kauri. Ta biyu noti huɗu, haƙoran farin ƙarfe, a kowane kanti ana samu a lokacin. Nata mai huɗu ne. Ya ce zai gyaru, ta kwantar da hankalinta.

Nelida ta ƙirga notin da ido. Huɗu. Ba ta taɓa juya bayansa ba.

“Bari ki ji bambancin da kunnenki,” ya ce, ya miƙa hannu kan kantar shagon ya ɗauko wani a cikin tsumma. “Ga na asali. Wani dattijo ne daga tsallaken kogi, duk shekara yana kawo shi in sa masa mai. Matarsa tana tsokanarsa wai ko gida ya kama da wuta keken zai fara ɗauka. Na yi na yi ya bari in canza masa mariƙi, ya ƙi. Jibi zai zo karɓa. Juya ki ji.”

Ta karɓa ta juya. Ƙarar ta cika shagon, mai kauri, irin wadda ba ta ji ba tun da Heber ya ɓace. Babban yatsanta kuwa ya zauna daidai cikin ramin da murhunta ya ƙona a gefen mariƙin.