Albasar Malam Ɗanjuma

Ina aji huɗu na sakandare a Aliero. Tun asuba na yi karatun allo, na yi wa albasar Baba ban ruwa, na sheƙa makaranta kafin a rufe ƙofa. Ana tsakiyar jarrabawar lissafi barci ya sace ni, minsharina har Jega an ji shi.

Malam Ɗanjuma, malaminmu na lissafi, ya zaro albasa daga aljihu, ya fasa, ya goga mini a ido.

"Raggo! In kwana kaka so, tahi gida!"

Hawaye suka hana ni ganin ko lamba ɗaya har aka karɓe takardu. Na maimaita aji. Wallahi har yau zuciyata tafasa take. Raggo? Ni da nake tashin zakara daga barci!