Mai Leƙen Labun Jika

Kowace ranar kasuwar Madawa, da hantsi, Rabo yakan sauko daga motar Buza ya nufi rumfar Jika mai kilishi. Ya sayi ɗan kaɗan, ya zauna kan benci, ya fara tambaya.

Jika ya san ko wane ne shi. Tun zuwansa na fari, a shekara ta 1979, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsegunta masa cewa yaron Altine ne, babban mai kilishin Buza, an aiko shi ya gano sirrin labu, haɗin da ake tsoma naman kilishi a ciki, wanda ya sa matafiya ba su wuce tashar Madawa sai sun tsaya wurin Jika.

Bai kore shi ba. Matarsa ta rasu, ɗiyansa biyu sun tafi Abijan sun yi shiru. Masu saye ta tagar mota suke miƙo hannu. Rabo kaɗai ke zama.

Sai Jika ya dinga ba shi ƙarya da kaɗan-kaɗan: yau ya ce citta ce gaba, wani mako ya ce kanumfari. Rabo ya gyaɗa kai, ya hura gawayin shayi, hira ta zarce kan damina da ciwon gwiwa har la'asar.

Shekaru suka ja. Rabo ya daina zuwa a mota, ya koma jaki. Wani lokaci ya maimaita tambayar da ya yi makon jiya. Jika ya ce a ransa, uban gidan Rabo ya fara gajiya da aiken da ba riba. In ƙarya ta ƙare, zuwan ma ya ƙare.

Da Rabo ya yi mako biyu bai zo ba, Jika ya kasa cin tuwo. Ranar da ya dawo, tun bai gama zama ba, Jika ya faɗa masa gaskiya duka: awon kimba da masoro, irin tunkuzar, da ruwan tsamiyar da ubansa ya hana shi gaya wa kowa.

Rabo ya miƙa masa shayi.

Bayan wata guda nadama ta kama Jika. Ya naɗa rawani ya rufe fuska, ya hau motar Buza, don ya ɗanɗana kilishin Altine ya ji ko gadon gidansu ya koma hannun wani.

A tashar Buza bai ji ƙamshin kilishi ba. Ya tambayi wata tsohuwa mai ƙosai ina rumfar Altine take. Ta dube shi, ta nuna wasu turaku huɗu da awaki ke kwance a tsakaninsu.

“Baƙo, Altine ya rasu shekara biyar ke nan, sana'ar ta bi shi. Yaronshi Rabo ɗai ya saura, shi ko ba ya da kowa, sai wani abokinshi da yake tahiya gani Madawa duk mako.”